Tulun Ɗan-tsakuwa

Asabar, 26 ga Afrilu 1997, bayan la'asar

Yau na shiga ƙungiya. Ni Nuriyya, wadda ko gidan suna ba na daɗewa don gudun surutun mata, yau ga ni da ƙungiya.

Zulaihatu maƙwabciyata ce ta ja ni. Tun da aka yi jihar Jigawa aka ce kowane ma'aikaci ya koma gida, muka kwaso kaya daga Kano zuwa Dutse, ban yi ƙawa ba sai ita, kuma ta daɗe tana mitar na zama kayan ɗaki. Sunansu Matan Murhu. Duk Asabar suna haɗuwa a gidan Iya Kaltumi a unguwar Garu, a gindin duwatsu, su dafa abincin da ke neman ɓacewa tun da mu ma'aikata muka cika garin da shinkafa da taliya. Ba a sa magi, sai daddawar da suka yi da hannunsu. Suna da gona a hanyar Kiyawa, ba sa zuba mata takin zamani, ba sa shuka irin da ake rabawa a ofis.

Da aka zo kan wannan sai aka fashe da dariya, don kowa ya san maigidana, Baban Nabila, a siton takin gwamnati yake aiki. Wata ta ce, "To fa, matar mai buhu ta shigo cikin masu kashin shanu." Ni ma na yi dariya. Aka kawo dambun gero da zogale, na ci har na ji kunya. Rabona da wannan ɗanɗanon tun Innata na da rai.

Sannan aka zo kan tulu. Suna da wani tsohon gero da suke kira ɗan-tsakuwa, wai don a cikin tsakuwar gindin dutse yake yi, inda geron ofis ba ya kai labari. Iya ta ce a hannun kakarta ta gaje shi, kuma yanzu babu shi ko'ina sai a tulunan ƙungiya. Ana cakuɗa shi da toka da ganyen darbejiya, a kife sakaina a bakin tulu, a yaɓe da laka, Iya ta danna babban yatsanta a kai. Yatsan yana da tabon lauje, shi ya sa shaidar take fita da layi a tsakiya. Ba a tara tulunan gida ɗaya, saboda gobara da ƙwaro. Ranar shuka mai tulu ce ke fasa lakar da hannunta, ita ke fara jefa iri, abin da ya rage bayan shuka kuma nata ne, ta yi kunu.

Wata a cikinsu an yi wa mijinta canji zuwa Haɗeja, tulunta ya rasa gida. Iya ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "'Yar nan, za ki iya?" Na ce zan iya. Ta ce, "A garin nan ana yafe wa mutum abubuwa da yawa. Ban da cin iri."

Na kai shi ƙarƙashin gado. Baban Nabila ya yi ta tsokanata. Ya ce, "Ni da sito guda, ke da tulu guda. Sai mu ga wanda zai fita kunya."

Laraba, 30 ga Afrilu, da magariba

Baban Nabila bai dawo cin abincin rana ba. Babur ɗinsa wani ne ya turo shi har ƙofar gida, ya jingine, ya tafi bai yi sallama ba.

Juma'a, 2 ga Mayu, da hantsi

Masu bincike sun zo da mota, wai taki ya ɓace a sito, shi ya sa aka tsare shi. Ba su cire takalmi ba.

Sun kwashe duk wani buhu da ke ɗakin ajiya, gero da masara da ragowar wake. Laifinsu a tsofaffin buhunan taki suke. Wane gida ne a Jigawa ba ya zuba hatsi a buhun taki? Na ce wa babbansu hatsi ne, ya buɗe ya gani. Ya ce buhun ake nema, ba abin da ke ciki ba. Na ce to a juye mini a tabarma, su tafi da buhunsu. Ya ce ba a taɓa shaida.

Ɗaya ya leƙa ƙarƙashin gado, ya zunguri tulun da ƙafa. Na ce na mata ne. Ya yamutsa fuska ya bar shi.

Matan layinmu duk suna bakin ƙofa, kowace da uzurinta, wata shara, wata zubar da ruwa. Ban san layin nan yana da masu tsafta haka ba.

Asabar, 3 ga Mayu, da la'asar

Ban je Garu ba.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan azahar

An bar ni na kai masa abinci can inda ake tsare da shi. Wai kullum ni zan riƙa kaiwa, ba sa ciyarwa. Ya rame a 'yan kwanakin nan kamar wanda ya yi jinya. Ya tambayi lafiyar 'yarmu Nabila, ya tambayi ko an biya mai ruwa. Ni kuma na ce miyar ta ɗan yi gishiri.

Ban tambaye shi zancen takin ba. Bai faɗa ba.

Talata, 6 ga Mayu, da hantsi

Zulaihatu ta shigo, karon farko tun ranar. Ta kawo dambu a kwano, ta zauna a bakin tabarma kamar wadda ta zo gaisuwar mutuwa. Ta yi ta kame-kame, zafin bana, tsadar kananzir, har dai ta iso inda za ta.

Ta ce, "Maman Nabila, Iya ce ta ce a kai tulu a sabunta toka. Kin san zafin nan, ƙwaro."

Na ce, "Duka tulunan ake sabuntawa?"

Ta ce, "E to, ana bi ɗaya bayan ɗaya."

Na jawo shi na miƙa mata, fuskata a bushe. Na san ba zai dawo ba. Wa zai bar iri a gidan da aka yi wa haka? Ban ma ga laifinsu ba, wallahi. Na dai ƙi taɓa dambun har sai da Nabila ta fara kuka.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Ya dawo!

Zulaihatu ta shigo da tulun a ka, ta sauke tana haki. Sabuwar laka, ko bushewa ba ta gama yi ba, ga yatsan Iya da layinsa a tsakiya. Na ɗaga na ji ya fi da nauyi. Ta ce ai lakar ɗanya ce, kuma an ƙara toka. Ba ta zauna ba, wai ta bar tukunya a wuta.

Tana fita na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba ranar mota. Mai kanti ya daina amsa gaisuwata da baki, sai da ka. Matar da muke kitso tare ta canja hanyar zuwa famfo. Amma akwai tsohuwa ɗaya a Garu da ta ji duk abin da ake faɗa, ta ce a mayar wa Nuriyya da tulunta. Allah ya saka wa Iya da alheri. Ko zan mutu, haka zan mayar mata da shi.

Lahadi, 11 ga Mayu, da safe

Yaya Abdulƙadir, wan Baban Nabila, ya zo daga Ringim. Ya kawo nasiha buhu guda da gero tiya guda. Ya ce in tattara in koma Ringim kafin abin ya lafa. Na ce, "Yaya, wa zai kai masa abinci?" Ya ce Allah na nan. Na ce haka ne, amma ba a barin kowa shiga sai mai kwano.

Ya ce shi ma bana rumbunsa ya yi ƙasa, kuma na yarda, na ga wuyan rigarsa. Bai je can ya gan shi ba. Wai motar ƙarshe za ta tashi.

Alhamis, 15 ga Mayu, da azahar

Nabila ta dawo daga Islamiyya ta tambaye ni ma'anar wata kalma da yara suka kira babanta da ita. Ta san ma'anarta. So take ta ji ko zan ce ƙarya ne.

Na ce ta je ta wanke ƙafa.

Asabar, 17 ga Mayu, da magariba

Na daure na je Garu. Ka'ida kowace ta zo da wani abu na miya ko na tuƙi. Ni garin kuka na ƙulla a leda, shi ke nan abin da na iya.

Sun karɓe ni da fara'a har ta yi yawa. Wadda ta yi mini tsiyar buhu ranar farko ita ce ta tashi ta ba ni kujerarta. Da ma tsiyar ta sake yi, da na fi jin daɗi. Iya ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, ya gida?" Na ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Me zan ce? A gaban mata cike da tsakar gida? Ta ce, "Madalla."

Ni da kaina na ƙara da cewa, "Iya, tulu na nan lafiya, kullum sai na duba shi." Na faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. Sai kowace ta kawar da kai. Zulaihatu ta sunkuya tana gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Na ɗauka tausayina suke ji.

Tuwon dawa aka yi da miyar kalkashi. Na ci rabi, na faki ido na naɗe rabi a ledar kukar na tura cikin mayafi. An gan ni. Na san an gan ni, don wadda ke kusa da ni ta juya tana kallon katanga da kyau.

Ba zan koma ba sai ranar shuka.

Talata, 20 ga Mayu, da hantsi

Dillaliya ta tafi da kwanukan aurena. Ta yi ta juya su tana neman tabo, kamar ita ma bincike aka aiko ta.

Tulu na nan.

Juma'a, 23 ga Mayu, da la'asar

Zafi. Duwatsun garin nan suna shan rana tun safe, da yamma su amayar mana da ita. Hadari ya taso ta gabas, ya yi baƙi, ya yi ruri, ya watse.

Abin da na dafa na raba uku, babba a kai can, matsakaici Nabila, ƙanzo nawa. Ya ce, "Ke kin ci?" Na ce har na bari. Mun ƙware, ni da shi.

Litinin, 26 ga Mayu, da safe

Geron Yaya ya ƙare.

Laraba, 28 ga Mayu, da azahar

Busasshiyar tafasa da ƙuli.

Tulu na nan.

Asabar, 31 ga Mayu, bayan la'asar

Zulaihatu ta dawo daga Garu, na jiyo ta ta katanga tana ce wa 'ya'yanta yau burabusko aka yi. Har ƙamshin man shanun ya tsallako. Ina zaune ina tunanin mata masu son abincin gargajiya haka, masu tsoron kada ya ɓace daga duniya, ga shi ya ɓace daga gidan da ke jikin katangarsu ba su ji ba.

Astagfirullah. Su ne fa suka dawo mini da tulu. Bakina ya fara yin yawa.

Talata, 3 ga Yuni, da asuba

Jikin Nabila kamar garwashi. Idonta ja, tana tari.

Alhamis, 5 ga Yuni, da hantsi

Ƙyanda ce. Ta feso har cikin baki. Na kai ta aka duba, aka ce in dage da ba ta ruwa-ruwa, kunu mai ɗumi, kada ƙarfinta ya tafi. Na ce to. Mai maganar har da ɗaga yatsa, "Kunu fa, Hajiya, ba garau-garau ba." Na ce to, in sha Allahu.

Injin ɗinkina ya bi kwanuka. Magani ya cinye shi.

Lahadi, 8 ga Yuni, da yamma

Ba ta karɓar komai. Na ba ta tafasa ta tofar. Leɓenta ya tsage. Kalma ɗaya take faɗa, "Umma, kunu."

Na zauna a bakin gado, dunduniyata tana taɓa tulun. Na janye ƙafa.

Tulu na nan.

Litinin, 9 ga Yuni, bayan azahar

Yau na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ɗauki ƙaramin kwano na ɓoye a mayafi na je ƙofar Zulaihatu. Ina jin daka a ciki. Na yi sallama, taɓarya ta tsaya. Mijinta ya fito, shi ma a ma'aikatarsu Baban Nabila yake. Ya tsaya ya cika ƙofa, ya ce, "Ba ta nan."

Takalminta na roba, mai ɗinkin baƙin zare, yana nan kusa da ƙafarsa.

Na ce, "To, a gaishe ta." Ya ce za ta ji. Ina juyawa ya ƙara da cewa, a hankali, "Ki yi haƙuri, Maman Nabila, ana kallon kowa yanzu."

Garu da nisa da yarinya a baya a ranar nan. Ko kuma ba nisan ba ne. Ban sani ba.

Talata, 10 ga Yuni, da hantsi

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Na ce tafi ɗaya kawai. Tafi ɗaya ba zai hana gona cika ba, kuma ai ragowa tawa ce, na ɗauki rabona da wuri ne kawai. Haka na yi ta gaya wa kaina tun asuba. Na rufe ƙofa, na jawo shi tsakar ɗaki. Na so in yi bisimilla, bakina ya ƙi. Na sa ƙotar wuƙa na bugi yatsan Iya, ya tsage biyu a kan layin.

Na ɗaga sakaina. Toka. Ganyen darbejiya. Na zura hannu.

Tun kafin in fito da shi yatsuna suka gaya mini, na ƙi ji. Na buɗe tafina a hasken taga. Tsakuwa ce. Ƙanana, tas-tas, an tankaɗe su an zaɓi daidai girma, irin ta gindin dutsen Garu. Na ce ƙila a sama ne aka zuba don ƙwaro. Na zura har gwiwar hannu. Na juye tulun gaba ɗaya a tabarma, na ɗauko rariya, na durƙusa ina tankaɗe toka kamar mahaukaciya. Ko ƙwaya ɗaya.

Sun ce mini ɗan-tsakuwa ne a ciki. Ba su yi ƙarya ba.

Na yi dariya har Nabila ta farka ta tsorata.

Talata, da la'asar

Wato ranar da na rufe ƙofa ina kuka ina sa wa Iya albarka, tsakuwa nake rungume da ita. Ranar da na ɗaga murya a Garu ina cewa kullum sai na duba shi, duk matan nan sun sani. Wata ta tankaɗe, wata ta zuba, wata ta kwaɓa laka, ƙawata ta ɗauko a ka.

Sun zauna sun yi lissafi, sun ce matar nan yunwa za ta kai ta ga cin iri. Sun gani tun kafin ni in gani. Da suka gani, sai suka aiko da tsakuwa.

Kuma sun yi gaskiya. Na buɗe. Wannan ne ke ƙona ni fiye da komai, na rasa inda zan ajiye shi.

Laraba, 11 ga Yuni, da safe

Na je wurin mai injin niƙa da tsintsiya da faranti, na ce ko zai bar ni in share ƙarƙashin inji. Dattijo ne, ban san sunansa ba. Bai tambaye ni komai ba, ya matsar da ƙafarsa kawai. Garin ya haɗu, dawa da masara da gero da ƙasa. Na jiƙa na tace, na sake tacewa.

Ta sha ludayi biyu ta yi barci.

Alhamis, 12 ga Yuni, bayan azahar

Na mayar da tsakuwarsu, da tokarsu, da ganyensu. Na ɗebo laka a bayan gida na yaɓe, na danna yatsana, na ja layi da tsinken tsintsiya.

Da na kai abinci can, yana cikin ci sai ya ɗago ya ce, "Tulunki fa?" Har da ɗan murmushi, na farko tun da aka kai shi. Na ce yana nan. Ya ce, "To ke kin fita kunya."

Na daɗe ina jin haushinsa a ƙasan raina, ina jiran ranar da zan tsare shi da tambaya. Yau na neme ta na rasa. Na tattara kwano na fito.

Juma'a, 13 ga Yuni, da magariba

An yi ruwa, mai yawa, har kwata ta cika. Zulaihatu ta ɗaga murya ta katanga, ba ta shigo ba. "Maman Nabila, gobe shuka. Iya ta ce ki zauna ki kula da yarinya, ni zan kai miki tulun."

Na ce, "A'a. Mai tulu ce ke fasawa. Haka aka gaya mini."

Na ji takunta ta koma ɗaki.

Asabar, 14 ga Yuni, da azahar

Na goya Nabila, na ɗora tulu a ka, na bi hanyar Kiyawa da ƙafa. Yana da nauyi. Yanzu na san dalili.

Na tarar an taru. Ɗanmusa surukin Iya yana gaba da sungumi yana saran shuka, ƙasa ta yi laushi, an jera tuluna a gindin ɗorawa. A gefe kuma ga wata ƙwarya rufe da faifai, wadda ba ta cikin jerin. Na san abin da ke cikinta.

Na sauke nawa a gaban Iya, na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Iya, ga amana."

Ta sunkuya ta dubi lakar. Ta shafa layin da yatsa. Ta ɗago ta dube ni, ta yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji. "'Yar nan, wannan ba yatsana ba ne."

Na ce, "Na ciki ma ba geronki ba ne, Iya."

Ban taɓa ganin tsufanta ba sai lokacin. Ta ce, "Irin ba nawa ba ne, ba naki ba ne. In ya tafi, ya tafi ke nan, ba kasuwar da za a samo shi. Na ce a karɓe tulun kawai, suka ce za ki ji ciwo, shi ya sa aka yi haka. Kuma na tambaye ki gida, kika ce lafiya. Da kin buɗe baki, da daga rumbuna zan auna miki."

Na ce, "Iya, kin san da yunwar har kika sa aka tankaɗe tsakuwa. Hannun da ya cika tulun nan da dutse, gero ne ya fi ƙarfinsa?"

Ta ɗaga murya ta ce wa mata, "Wannan tulun a ajiye shi, sai baɗi." Har na ji ajiyar zuciyarsu.

Na ce, "A'a, Iya. Ka'ida ka'ida ce."

Na ɗauki dutse na fasa lakar a gaban kowa. Na cika ƙoƙo. Na je layin farko da Ɗanmusa ya sara, na fara. In jefa, in rufe da dunduniya, in taka gaba. In jefa, in rufe. Ana jin ƙarar tsakuwar a cikin ƙoƙo. Ɗanmusa, wanda bai san komai ba, ya leƙo ya ce, "Baiwar Allah, ai wannan..." Iya ta ce, "Ɗanmusa, yi saranka."

Ba wadda ta motsa. Zulaihatu ta toshe baki da mayafi. Na kai ƙarshen layi, har bakin hanya, Nabila na tari a bayana. Na dawo na kife ƙoƙon a bakin tulu, na ce a tashi lafiya.

Na ɗauka zan ji sanyi a raina. Ƙafata kawai ke ciwo.

Lahadi, 15 ga Yuni, da safe

Ba zan koma ba. Ba kuma za a neme ni ba.

Asabar, 21 ga Yuni, bayan la'asar

Zulaihatu ta shigo, ta ƙofa, da ƙwaryar nan mai faifai. Ta ajiye a bakin tabarma ta ƙi zama. Ta ce shuka ta fito, gona ta yi kore shar, sai layi ɗaya daga gindin ɗorawa zuwa bakin hanya, fili fetal, masu wucewa a babur har tsayawa suke suna tambaya. Ɗanmusa ya so ya maimaita shi, Iya ta hana. Ta ce a bar shi haka har girbi, kowace ta riƙa gani.

Na ce, "Ta ga me? Nawa ko naku?"

Ta ce, "Ba ta faɗa ba." Sai ta fara hawaye. "Maman Nabila, wallahi ni..."

Na ce, "Takalminki yana buƙatar sabon ɗinki, Zulaihatu. Na gan shi ranar da na zo ƙofarku."

Ta nuna ƙwaryar, ta ce, "Ragowar irin tulunki ne. Iya ta ce na mai tulu ne, ka'ida ce." Ta fita.

Na daɗe ina kallon faifan. Na yi niyyar in bi ta da ita in ajiye musu a ƙofa, har na miƙe. Sai Nabila ta yi juyi a kan tabarma, na ga haƙarƙarinta.

Na surfa, na wanke, na rege shi a ruwa a hankali yadda Innata ke yi, ina jiran abin da zai kwanta a gindin ƙwarya. Ko tsakuwa ɗaya babu. An tsince shi tas.

Lahadi, 22 ga Yuni, da hantsi

Ta shanye kofi guda ta miƙo ta ce a ƙara. Na zuba a kwano na kai can, ya kurɓa ya rufe ido, ya ce, "Wannan geron ina kika samo shi?" Na ce nawa ne.

Da na dawo na kankare gindin tukunya na sa a baki. Iya ba ta yi ƙarya ba, babu geron da ya kama ƙafarsa.

Kunun ya yi daɗi. Shi ne abin da ban yafe ba.